Ƙarar Kunne Ba Saƙon Kano Ba Ce

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Zuwa ga 'yata Balkisu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya kai ku Dori lafiya, ke da mijinki Isiyaku da 'yarku Ummi. Allah ya tsare ku daga sharrin hanya da na baƙon wuri, ya haɗa ku da maƙwabta na gari, ya sa aikin da aka tura Isiyaku ya zame muku alheri. Ummi kuma Allah ya tashi kafaɗarta.

Za ki yi mamakin samun takarda daga wadda kuke kwana gida ɗaya, ƙofarki tana kallon ƙofata. Dalilin kin san shi. In na fara miki magana kina tsayawa muddin zancen ya yi miki daɗi. Da zarar bai yi ba sai ki juya fuska wajen ƙulle kaya, ko ki koma Faransanci da Isiyaku, don kin san leɓen Hausa nake karantawa da ɗan na Mosanci, yaren mutanen ƙasar nan, na Nasara kuwa ban san kansa ba. To ga shi a rubuce. Ki zauna ki karanta har ƙarshe, ko da rubutun ya karkace. Mahaifinki, Allah ya jiƙansa, shi ya koya mini ina babba, kuma ba malami ne mai haƙuri ba.

Jiya da hantsi ina neman hular Ummi cikin jakarki ta hannu na ci karo da kwalin allura, ƙananan kwalabe a jere. Na haɗa baƙaƙen da ke jiki ɗaya bayan ɗaya, na karanta jantamisin. Da na tambaye ki kin ce mini zazzaɓin Ummi ya sauka, ta fara cin abinci, kamiyo kuma, babbar motar da za ta kwashi kayanku, ranar Asabar zai tashi, ba zai jira kowa ba. Kin ce za ki ɗauke ta daga asibiti ku tafi, sauran allurar a ƙarasa a Dori, wai matar wani abokin Isiyaku ta iya pikir, wato yin allura. Kin faɗa mini wannan kina ninke zani, kamar zancen cefane. Ni kuwa tun lokacin maganar nake juyawa. Tsoro nake ji, Balkisu, kuma kunnen yarinyar nan nake ji wa.

Kin san allura ce ta tafi da jina. Amma ba a taɓa zaunar da ke an ba ki labarin daga farkonsa ba, don kowa a gidan nan ya saba da ni haka, kamar haka aka haife ni. Ba haka aka haife ni ba. Har na kai shekarun aure ina jin faɗuwar cokali daga zaure.

A nan unguwar Zongo aka haife ki, a gidan Iya kakarki, zamanin ƙasar nan ana ce mata Hot-Bolta. Bayan suna mahaifinki ya tafi Kano saro atamfa da shadda kamar yadda ya saba, tunda ina wankan jego a gidanmu, ba abin da zai zauna ya yi mini. Tafiyar Kano a lokacin ba ta mako ba ce. Ba waya, sai in wani ɗan kasuwa ya biyo da sallahu. Yana tafiya zazzaɓi ya kayar da ni. Marata ta ɗaure, jinin biƙi ya canza wari, ina rawar sanyi da tsakar rana. Aka kai ni babban asibiti ban san inda kaina yake ba. Suka ce ƙwayar cuta ce ta shiga mahaifa, tana neman bin jini. Suka sa mini allura mai suna istireftomisin tare da wata.

Bari in faɗa miki tun yanzu, kada ki ce tsohuwa ta ƙi maganin asibiti. Allurar nan ita Allah ya sa ta zama sanadin rayuwata. Ba don ita ba da marainiya kika tashi. Na san matan da wannan zazzaɓin ya kwasa a unguwar nan, ba sai na lissafa miki su ba. Maganin ba maƙiyi ba ne. Mai ƙarfi ne kawai, kuma mu muka riƙe shi riƙon sakainar kashi.

Da zazzaɓin ya sauka na fara zama ina shan kunu, sai hankalin Iya ya koma kan wanka. Ta ce mai jego ta yi kwanaki ba ruwan zafi, sanyi zai shige ta har ƙashi. Ni ma na matsu, gadon asibiti ya ishe ni, ina kewar ɗakinmu da ƙanshin turaren wuta. Majo, wato babban infirmiye, shugaban masu jinya na ɗakin, ya ce mu dakata, ciwon bai gama fita ba. Muka nace. Ya gaji ya rubuta mana ordonansi, takardar magani, ya ce in riƙa zuwa dispansar, ƙaramin asibitin unguwar Tiendpalogo, kowace safiya ana yi mini allurar har a gama, a kuma riƙa duba ni. Muka fito muna murna kamar mun ci nasara a shari'a. Saukar zazzaɓi ba warkewa ba ce, Balkisu. Dafuwar sama ce, ƙasan tukunya da saura. Abin da ya sa aka kwantar da Ummi ba don gadon ya fi na gida laushi ba ne, don a sa mata ido ne yayin da maganin ke aiki, kuma idon nan rabin maganin ne.

Dispansar na je ta 'yan kwanaki. Layi ya yi tsawo, ga rana, ga jaririya, ga mata suna cewa bai kamata mai jego ta riƙa keta titi ba. Sai aka kira Dogo. Ke ba ki san shi ba, ya rasu kina ƙarama. Wani mutum ne da ya taɓa aikin shara a wani asibiti, ya ga yadda ake yi, ya dawo yana zagaya Zongo a kan keke da ƙaramin gwangwani, sirinjinsa na gilashi guda ɗaya, yana tafasa shi a murhun duk gidan da ya shiga. Mutumin kirki ne, yana gaisuwa har ƙasa, kuma ban taɓa jin ya yi wa kowa mugunta da niyya ba. Ya dubi takardar ya ce, "Wannan awon matan Nasara ne, waɗanda ba su cin tuwo. Mai jego jikinta buɗe yake, sai an ƙara mata." Ya ƙara. Da kwalaben suka ƙare aka aika kasuwa aka sayo wasu, don a Zongo a lokacin an yarda allura ƙarfi take sa wa, kuma wadda ta fi zafi ta fi aiki. Ba wanda ya tambayi ranar da ya kamata a tsaya, ni ma ban tambaya ba.

Shi ya sa da kika ce matar abokin Isiyaku ta iya pikir, gabana ya faɗi. Soka allura ba wuya, ni ma in an ba ni zan soka. Abin da ba ta sani ba shi ne nauyin Ummi. Irin wannan maganin da nauyin jiki ake auna shi, kuma yarinyar nan ta rame, wuyan rigarta ya nuna. Ba ta san ko ƙodarta tana fitar da maganin yadda ya kamata ba, ba ta san ranar tsayawa ba, kuma in numfashin yarinya ya sarƙe ko fuskarta ta kumbura bayan allura, ba ta da abin da za ta yi sai salati. Kada ki miƙa cinyar 'yarki ga wanda ba zai iya amsa waɗannan ba, ko da kuwa da sabon sirinji ya zo cikin leda.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wata rana bayan wankan safe ina zaune ina ba ki nono, sai na ji wata siririyar ƙara a kunnena, kamar ta sauro amma ba ta motsi. Na ce, "Iya, kunnena yana ƙara."

Ta ce, "Wanne?"

Na ce, "Na dama."

Ta ce, "To yi salati. Ambatonki ake yi da alheri."

Matan gidan suna tsakar gida suna tsintar shinkafa, suka kwashe da dariya. Ɗaya ta ce, "Wa za shi ambace ta in ba mutumin Kano ba? Shina can shina auna atamfa, zuciya tana Zongo." Wata ta ce, "Halan ya ɓata lissafin yadi saboda ke."

Na rufe fuska da gefen zani, amma na ji daɗi. Ki tuna yarinya ce ni, haihuwar fari, miji ya yi nisa, ba takarda ba saƙo. Mu mutanen Zongo kowa yana da wani a nesa, a Kano ko Kumasi ko Yamai, kuma haka muka tashi muna ji, in kunne ya yi ƙara wani naka ne ya tuna da kai. Sai na riƙi ƙarar nan tamkar gaisuwa. In ta ƙaru in ce yau kewa ta dame shi. In ta lafa in ji haushi, in ce ya samu abin da ya ɗauke masa hankali. Da ta koma kunnen hagu ma, aka ce ai dangin uba ne can suke zancen jaririya. Da ƙasa ta fara juya mini in na miƙe, har sai na dafa bango kafin in kai bayan gida, aka ce jirin jego ne, a ƙara mini kunun kanwa da gasasshen nama. Kowane abu muna da sunan da muka ba shi, kuma Dogo yana zuwa kowace safiya da kekensa.

An ba ni dama guda, na sake ta. Iya ta raka ni dispansar don a duba cibiyarki, sai infirmiyen da ya san ni ya tsayar da ni. Bamoshe ne, dattijo. Ya tambaye ni jiki da Mosanci, na ce, "Laafi bala," lafiya lau. Ya sake tambaya, ya kama kunnensa da yatsu biyu yana nuna mini, ko ina jin wani abu a ciki. Na sunkuyar da kai na ce, "Laafi bala." Ta yaya zan dubi namiji baƙo, ga Iya tsaye, in ce masa kunnena yana ƙara saboda mijina yana kewata? Zancen Dogo kuma ban ɗauko shi ba, don kada a yi mana faɗa. Ya ce to madalla, ya juya ga mai bi mini.

Mu an koya mana duk wanda ya tambayi lafiya a ce masa lafiya, ko da mutum yana kan gargara. Tarbiyya ce mai kyau a ƙofar gida. A gaban likita kuwa ba gaisuwa ake yi ba. Tambayarsa aiki ce, da amsarki yake auna abin da zai zuba a jikin mutum. Ki faɗi abin da kika gani, da wanda kike jin kunyarsa, da wanda kike ganin ba shi da muhimmanci, da duk wani magani da aka ba yarinya a gefe, na kasuwa ko na gida. Faɗan likita minti kaɗan ne, yana wucewa.

Jin bai tafi rana ɗaya ba. Ƙananan sautuka suka fara ɓacewa, kukan tsuntsaye, karon awarwaro a hannuna, murfin kwano. Sai muryoyin mata suka koma kamar ana magana cikin randa. Ina cewa mutane sun koma ƙunƙuni, ina jin haushinsu. Ranar da na gane, ina zaune bakin ƙofa da la'asar ina ninke tsummokinki, hankalina kwance. Sai na ga Iya ta fito daga madafa da gudu, hannunta duk gari, ta wuce ni. Na waiwaya. Kina kan tabarma a bayana, taku biyu tsakaninmu, fuskarki ta yi jajur, bakinki a buɗe, kin yi kuka har kin shiɗe. Iya ta ɗauke ki tana yi mini faɗa, ina ganin bakinta yana motsi. Da ta ga irin kallon da nake mata sai ta daina. Ta zauna a ƙasa da ke a hannu, muka yi ta kuka mu uku.

Da mahaifinki ya dawo ya zauna kusa da ni a kan tabarma, gwiwarsa tana taɓa tawa, ƙarar tana nan yadda take. A nan na san ba shi ba ne. Daga baya, da ya koya mini rubutu, na rubuta masa a allo, "Ka riƙa ambatona a Kano?" Kin san shi bai iya ƙarya ba. Ya rubuta, "Wani lokaci." Yau ya daɗe a ƙasa, ƙarar kuma ba ta fasa ba, da ita nake kwana da ita nake tashi.

Ya kai ni wurin likitan kunne bayan an yaye ki. Likitan ya duba, ya yi wa mahaifinki bayani, shi kuma ya rubuta mini. Ya ce allurar ce, an yi ta fiye da kima kuma an wuce lokaci. Ya ce ƙarar nan da jirin su ne gargaɗin da jiki ke yi, da an faɗa an tsayar tun ranar farko wataƙila da an tsira da wani abu. Abin da ya mutu a cikin kunne ba ya dawowa. Sannan ya ƙara wata magana da ban manta ba. Ya ce akwai dangin da kunnensu ba ya jure irin wannan maganin ko da an auna daidai, kuma ta wajen uwa abin yake bi. Bai ce lallai haka muke ba, amma ya ce in gaya wa 'ya'yana su riƙa faɗa duk inda za a yi musu irinta. Na gaya miki kina 'yar lakwal, kin fara makaranta, kin ce to Inna, kin fita wasa. Jantamisin ɗin da ke jakarki da wadda aka yi mini 'yan gida ɗaya ne, wannan na tambayi mai kantin magani na kasuwar Sankaryaaré ya rubuta mini da hannunsa.

Ranar da aka kwantar da Ummi ina zaune a kujerar gefen gado. Likitar, wannan doguwar mai tabarau, tana rubutu, ta ɗago ta tambaye ki wani abu da Faransanci, kika girgiza kai. Da muka fito na ce me ta ce. Kika dube ni kika ce, "Tambaya ta yi ko akwai wani ciwo a dangi."

Na ce, "Me kika ce mata?"

Kika ce, "Na ce lafiya lau muke, Inna."

Ina zaune a gabanta, Balkisu. Ban ce kin yi don ki ɓoye ni ba. Kin saba ne, ba kya ganin kurumtata a matsayin ciwo, Inna ce kawai. Ni ma na so in koma in yi wa likitar magana da kaina, amma na san muryata tana fita ba awo, na san yadda kike jan gefen zanina a cikin mutane in na ɗaga ta. Sai na fasa, na ce a raina ai Ummi tana hannun asibiti, suna kallonta. Yanzu kina shirin cire ta daga hannun nasu.

Ni matar aure ce lokacin, na ji ƙarar, na buɗe baki na faɗa, aka ba ta wata fassara. Ummi shekararta biyu. In kunnenta ya yi ƙara ba ta da kalmar da za ta faɗa, sai dai ta yi rigima ki ce zafin Dori ne. In ta yi tangaɗi ki ce rashin ƙarfi ne bayan ciwo. In kin kira ta ba ta juyo ba ki ce taurin kai ta gado. Kowanne za ki samo masa suna, kamar yadda muka samo. Don haka ki zama kunnenta. Ki kira ta a hankali daga baya, inda ba ta ganin bakinki. Ki taɓa murfin kwano a gefe ki ga ko za ta waiwaya. Ki lura da tafiyarta. Ki lura da fitsarinta, in ya ragu ki faɗa a ranar, don maganin nan yana taɓa ƙoda kamar yadda yake taɓa kunne. Ki ci gaba da wannan har bayan an gama allurar, don ni jina ya ci gaba da raguwa bayan Dogo ya daina zuwa.

Kada kuma tsorona ya sa ki tsayar da maganin da kanki. Wannan ma wauta ce, ciwon da ya shiga jini ba a yi masa rabin aiki. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Gobe da safe ki ɗauki kwalin nan ki koma wurin likitar, ki ce mata uwarki ta kurumce bayan istireftomisin. Ni zan bi ki, ki nuna ni da yatsa in kina so, ba zan ji haushi ba. In ta canza maganin, to. In ta ce a ci gaba da shi ana sa ido, ita ta sani. Ki bar Isiyaku ya bi kamiyo ranar Asabar. Namiji ne, ba zai mutu don ya ci abincin bakin tasha na 'yan kwanaki ba, kuma in danginsa sun ce kin bar miji ya sauka baƙon gari shi kaɗai, ki turo su wurina, ni ba na jin abin da suke faɗa. Ki zauna har likita ta ce an gama da bakinta. Ranar da za ku tafi ki karɓi takardar da ta rubuta komai, ki kai asibitin can, kuma kada kwalba ko ɗaya ta bi ku don ajiyar wata rana.

Na san na takura miki, kuma na san kin gaji, kin yi kwanaki a kan benci ba barcin kirki. Amma ki dubi abin da ke gabanki. Na goye ki, na yaye ki, na aurar da ke, ban san muryarki ba. An ce kina da waƙa in kina wanki, an ce dariyarki irin ta mahaifinki ce, duk ji nake a bakin mutane, shi ma da ido. Na haƙura da wannan tuntuni. Abin da ba zan iya haƙura da shi ba shi ne in ga kin tsaya bayan 'yarki kina kira. Sunana kuka sa mata, kuna sakaya shi da Ummi. Shekara da shekaru ana kiran sunan nan a gidan nan ba mai waiwayowa. Ki bari ita ta waiwaya.

Allah ya ba ta lafiya da ji da gani. Allah ya tsare Isiyaku a hanya, ya tsare ku in lokacin tafiyarku ya yi, ya sa ku sauka lafiya ku zauna lafiya. Allah ya yi miki albarka, ya sa ki gama da duniya lafiya.

Ni ce innarki,
Habsatu